Shekarar da Mijina Ya Ajiye Yayana

Mijina ya daɗe yana horar da 'yan ƙwallon ƙafa a Jidda. Ya ci kofuna, jaridu sun buga hotonsa, mutanen da bai sani ba sukan tsayar da shi a kasuwa su gaishe shi. Amma ni ban taɓa sa ƙafa a filin wasa ba, don a zamaninmu mata ba sa zuwa. Abin da na sani na aikinsa daga rediyo na same shi, da bakin maƙwabta, da kuma yadda yake turo ƙofa in ya dawo.

A unguwar Mahjar ta Jidda aka haife ni, a gidan katako da kwano. Babanmu ya baro ƙasar Hausa a ƙafa don aikin hajji, ya bi ta Sudan, ya ƙetare teku, bai kuma koma ba. Dako ya riƙa yi a tashar jiragen ruwa har ya rasu ina ƙarama. Inna ta riƙe mu da suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana sayarwa a bakin ƙofa. 'Ya'yanta biyu ne suka rayu, ni da Yaya, kuma Yaya ya zama uban gida tun gemu bai fito masa ba.

Yaya gola ne. Dogo ne mai manyan tafuka, in ya cafe ƙwallo har daga nesa ana jin ƙarar. Bayan unguwarmu akwai wani fili mai gishiri-gishiri, nan samari ke wasa ba takalmi bayan la'asar. Yana da aboki wanda ba sa rabuwa, ɗan Hausawan Sudan da suka zo da shi Jidda yana goye. Shi a tsakiya yake bugawa. Ba shi da gudu, amma ana cewa kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda zai aika ta. Kusan kullum a gidanmu yake cin abinci, kwano ɗaya da Yaya.

Wata rana aka kawo abokin nan a kan kurar jakin mai sayar da ruwa, gwiwarsa ta kumbura. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa. Ƙafar ta warke, amma ta bar masa ɗingishi, wasa kuma ya ƙare masa. Ba a daɗe ba ya aiko neman aurena, Yaya ne ya ba shi ni. Inna ta ce madalla, tunda ƙwallo ta sake shi yanzu zai zama mutum.

A lokacin yana aiki a tsohon filin jirgin sama, yana taimaka wa kanikawa. Akwai Amurkawa da yawa a wurin, kuma a bayan gidajensu suna yin wani wasa da suke kira besbol: wannan ya jefa ƙaramar ƙwallo, wancan ya doke ta da kulki ya ruga. In ya tashi aiki yakan tsaya a bakin waya ya kalla. Wasan bai burge shi ba, ya ce tsayuwa ta fi gudu yawa a cikinsa. Abin da ya ja hankalinsa wani dattijo ne mai tumbi wanda ba ya jifa ba ya duka. Zaune yake a benci, ya taɓa hula, ya shafa haɓa, 'yan wasa suna satar kallonsa suna yin abin da ya nuna. An gaya wa mijina cewa a ƙasarsu sana'ar mutumin ke nan a da, da ita ya riƙe iyalinsa.

Wata yamma ina tankaɗe ya shigo ya ce, "Kin san abin da na gani yau? Mai jifar ya gaji, kowa na gani, shi kaɗai ne bai yarda ba. Sai tsohon nan ya tashi, ya taka a hankali har tsakiyar fili, ya miƙa hannu. Mutumin ya ɗan tsaya, sannan ya ɗora masa ƙwallon a tafi ya fita. Ba tsawa, ba zagi."

Na ce, "To sai me?"

Ya ce, "Ashe akwai wanda aikinsa ke nan. Ya zauna ya kalla, ya san lokacin da mutum ya isa haka."

Na ci gaba da tankaɗena, don ban ga abin da ya shafe mu ba.

Daga nan ya fara zuwa filin unguwa da wani tsohon gwangwanin mai, ya kifa shi ya zauna. Da farko shawara kawai yake bayarwa. A hankali ya zama shi ke cewa wane zai buga, wane zai jira. Kafin wannan, mai ƙwallo ko wanda ya fi baki shi ke zaɓe. Ya riƙa tattara su bayan sallar asuba yana sa su gudu a yashin bakin teku, suna gunaguni suna yi. Suka fara cin sauran unguwanni ɗaya bayan ɗaya, har labari ya kai wani kulob a unguwar Bagdadiyya, irin mai gidan haya da allo a ƙofa da 'yan kwamiti attajirai. Kocinsu ya koma ƙasarsa, suna neman wanda zai riƙe musu kafin su sami wani. Mijina ya ce zai zo, amma da golansa zai zo. Haka Yaya ya shiga babban kulob.

Riƙon ƙwaryar nan bai ƙare ba. Da aka ga suna ci, aka ce ya zauna, ya bar aikin jirgi gaba ɗaya. Inna ta aika aka kira shi. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa, yadda ya saba tun da ya zama surukinta.

Ta ce, "Na ji wai ka bar aikin jirgi don ka riƙa tsayawa a rana kana busa usur."

Ya ce, "Inna, shi ma aiki ne."

"Aikin wa?"

"Na 'yan kwamiti."

"In sun gaji da kai fa?"

"Sai su sallame ni."

Ta ce, "To, ka ji da bakinka."

Muka koma unguwar Ammariyya, ɗaki biyu a saman wani tsohon gidan dutse mai tagogin katako. Duk ranar Alhamis 'yan wasa sukan zo cin abinci. Akwai namu Hausawa, akwai 'ya'yan Hadramawa mutanen kudu, akwai Jawa mutanen gabas mai nisa, akwai waɗanda iyayensu suka shigo birni daga ƙauye. Wasunsu ba su taɓa ganin tuwo ba, amma kafin shekara ta zagayo har faɗa suke a kan miyar kuka. Ni ina bayan labule, da murya na san su. Shi kuwa ba ya ci sosai, kallonsu yake. In ya ga wanda ke juya loma bai kai baki ba, bayan an watse sai ya ja shi zuwa wurin mai shayi. Sau da yawa ba ƙwallo ba ce matsalar. Wani ubangidansa ne ya hana shi zuwa atisaye, wani mahaifinsa ne bai san yana wasa ba. Mijina yakan sa farar riga ya je ya sami mutanen nan da kansa, ya zauna ya sha gahawarsu har su yarda.

Ranar wasa ba ya cin komai tun safe. Ni kuma in kunna rediyo in zauna da tsintar shinkafa. Na koyi gane sakamako ko da rediyon ya lalace. In sun ci, shiru yake shigowa, ya nemi ruwa ya zauna. In an ci su, tun daga matakala ake jin muryarsa, ya shigo yana tsokanar yara yana tambayar me aka dafa, don kada mu damu. Shekarar da suka ɗauki kofin farko, motoci suka cika layinmu da hon. Daga ranar kowa ya koma kiransa Mudarrib, wato koci, har mai gasa burodin unguwa. Inna ba ta taɓa cewa ta sauya ra'ayi ba, amma maƙwabciyarta ta gaya mini cewa duk ranar wasa takan rufe tiren gyaɗa da wuri ta je gidan da ke da rediyo.

Duk nasarorin nan da Yaya aka yi su. Shi ne kyaftin, 'yan kallo har waƙa suke masa. Sai wata shekara, shekaru sun fara ja masa, ƙwallaye suka fara shiga ragarsa daga nesa. Ya ce 'yan bayansa ne ke tare masa gani. Wani lokacin ya ce rana ce. Kulob dai yana ci, don masu zura ƙwallo suna rufe ɓarnar, har suka kai wasan ƙarshe na kofi.

Wata Juma'a Yaya ya zo cin abincin rana. Yana zaune yana hira, babban ɗana ya jefa masa lemo daga gefe yana cewa, "Kawu, kama!" Lemon ya bugi kafaɗarsa ya faɗi. Yaya ya yi dariya, ya ce an yi masa shammata. Duk muka yi dariya, ban da mijina.

Bayan Yaya ya tafi, ina kwashe kwanuka, ya ce, "Zauna, akwai magana." Na zauna.

Ya ce, "Idonsa na hagu ne. Tun bayan hajji nake lura. Duk abin da ya zo masa ta hagu daga sama, sai ya makara."

"Ka gaya masa?"

"Na ce mu je wurin likita. Ya ce lafiyarsa lau."

Na gane inda maganar ta nufa tun bai ƙarasa ba. Na ce, "Saura wasa ɗaya. Ka bar shi ya buga, sannan ya huta da mutuncinsa."

Ya ce, "In na bar shi aka ci mu ta hagunsa a gaban jama'a, mutuncin nan ne zai zube. Sauran goman kuma fa? Su ma shekara guda suka yi suna gudu."

Na ce, "Yayana ne fa."

Ya ce, "Tun ba a yaye ki ba nake cin abinci da shi."

Ban sake roƙonsa ya bar shi ba, don na san shi. Abin da na roƙa kawai shi ne kada Yaya ya ji a gaban mutane. Ya ce dama bai yi niyyar haka ba, Mahjar zai je. Washegari muka tafi tare.

Mun tarar da Yaya a kan rufi yana buga wani kwano da iska ta ɗaga. Inna tana suyar gyaɗa a tsakar gida. Ya sauko, suka zauna su biyu a inuwar bango ta waje. Ni na shiga ɗaki, amma bangon katako ba ya ɓoye magana.

Mijina bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, yaron nan ne zai tsare gida a wasan ƙarshe."

Akwai wani matashin gola a kulob ɗin da bai taɓa buga babban wasa ba. Yaya ya ce, "Wanda ni na koya wa yadda ake faɗuwa?"

"Shi."

"Saboda me?"

"Saboda idonka."

"Idona lau."

"Ba zan ce ka rufe na dama ka dube ni ba. Kai ka san abin da za ka gani."

Ina jin Inna ta daina motsa gyaɗar.

Yaya ya ce, "'Yan kwamiti ne suka sa ka?"

"Babu wanda ya sa ni. Su ma so suke ka buga."

"To kai ne ke nan."

"Ni ne. Kuma ina roƙonka ka zo ka zauna kusa da ni a benci. Yaron zai ji ƙarfi in ya waiwaya ya gan ka."

Yaya ya ce, "Halas, shi ke nan. Ka faɗi abin da ya kawo ka." Ya ɗauki gudumarsa ya koma kan rufi.

Da muka zo sallama, mijina ya tsuguna a gaban Inna. Ba ta dube shi ba, ni ta duba. Ta ce, "Ki gaya wa mijinki, yayanki ne ya ba shi ƙanwarsa." Ta ƙulla wa yara gyaɗa kamar kullum, ta miƙo mini. Har muka fita daga layin muna jin ƙarar guduma a kan kwano.

Kafin mako ya ƙare gari ya ɗauka. Matan da muke haɗuwa a wurin mai burodi suka daina amsa gaisuwata da fara'a. Wata ta ce mini a fuska, ashe mutum yakan manta da wanda ya ɗaga shi. Shugaban kwamiti ya zo da motarsa har ƙofar gida, suka daɗe a zaure. Na ji mijina yana cewa, "In kuna so ya buga, ga usur ɗinku, ku nemi wanda zai sa shi." Mutumin ya tafi bai karɓi usur ba. Abin da ya fi damuna shi ne mijina bai gaya wa kowa dalilinsa ba. Na ce ya faɗa wa mutane, ko zagin ya ragu. Ya ce idon na Yaya ne, shi ke da ikon maganarsa.

Ranar wasan na kunna rediyo, na rasa addu'ar da zan yi. Ba na son a ci mijina, ba na kuma son duniya ta ga cewa ana iya yi ba da Yaya ba. Duk sanda ƙwallo ta doshi matashin golan, sai in daina tsintar shinkafa, ban san me nake jira ba. Ya kama, ya sake kamawa. Kusa da tashi ya ture wata da mai sharhin ya riga ya fara ihun ta shiga. Suka ci da ƙwallo ɗaya. Layinmu ya rikice da hon da ganguna, matan da suka juya mini baya suka hauro suna guɗa. Na ba su shayi. Daga baya Inna ta gaya mini cewa tun da safe Yaya ya bi wani masunci cikin teku, inda babu rediyo.

Da mijina ya dawo ya nemi ruwa ya zauna. Can ya ce, "Kin je Mahjar?" Na ce a'a. Ya ce, "Ki je gobe."

Yaya bai koma kulob ba. Ya kama sayar da kifi a kasuwar bakin teku, kuma ya daina zuwa gidanmu. In sun haɗu a masallaci ranar sallah sukan yi musabaha, kowa ya wuce. Ni nake zuwa Mahjar ni da yara. Bai taɓa zagin mijina a gabana ba, bai kuma taɓa tambayar lafiyarsa ba. Da na haifi 'yar autata ya aiko da rago, amma bai zo suna ba. Matarsa ce ta matsa masa har ya je asibiti. Likita ya ce tsohon rauni ne, wataƙila wani harbin ƙafa da ya sha a fuska shekarun baya. Aka yi masa aiki, ya koma sa tabarau mai kauri. Na ɗauka daga nan komai zai warware, tunda gaskiya ta fito. Bai warware ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ina ganin da yaron ya yi kuskure an ci su, da shirin ya fi sauƙi. Da Yaya ya sami abin da zai yafe, mijina kuma ya sami abin da zai ba da haƙuri a kai. Amma ga kofi a kan kabad, ga tabarau a fuskar Yaya. Mijina ba zai ce ya yi kuskure ba don bai ga ya yi ba, Yaya kuma ba zai gode wa wanda ya raba shi da abin da ya fi so ba. Ko da Inna ta rasu, tabarma ɗaya suka zauna suna karɓar gaisuwa, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa komai bayan "Allah ya jiƙanta."

Mijina kuwa aikinsa gaba ya yi ta yi. Ya ƙara kofuna. Wani kulob a Makka ya ɗauke shi na wasu shekaru, ya gyara musu, kulob ɗinsa na da ya sake kiransa ya dawo. Talabijin ta zo, amma ni na kasa kallo, sai in shige kicin in bar ƙofa a buɗe ina jin murya. Mutane suna cewa ba shi da tsoro, ba ya duba sunan ɗan wasa. Abin da ba su sani ba shi ne ya sauya. Cin abincin Alhamis ya tsaya. Ya ce ba zai ƙara sabawa da ɗan wasa har ya san sunayen 'ya'yansa ba. Ya ajiye manyan 'yan wasa da yawa bayan Yaya, kuma kowannensu har gida yake bin sa ya faɗa masa. In ya dawo daga irin wannan tafiyar, nakan gane, don gwiwar takan dame shi, ya ce in dafa masa ruwan zafi.

Sai zamani ya juya. Arziki ya shigo ƙasa, aka gina filaye masu ciyawa da fitilu, kulob-kulob suka fara kawo kocina daga Turai da Kudancin Amurka, kowanne da tafintansa. Wata shekara kulob ɗinsa ya ƙare a na biyu. Wata safiya ya fita sayen burodi, ya dawo da burodin da jarida. Ya ajiye burodin, ya miƙo mini jaridar. Ga hoton shugaban kwamiti yana riƙe da hannun wani Bature, an rubuta cewa shi ne sabon koci.

Na ce, "Yaushe suka gaya maka?"

Ya ce, "Yanzu nake gani, kamar ke."

Na fara faɗa, ina lissafa abin da ya yi musu. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Wataƙila mutumin ya fi ni. Sun san abubuwan da ban sani ba, na gani a talabijin. Ba wannan ne ya dame ni ba. Bagdadiyya ba nisa, da sun aiko da na je."

Ranar bai fita ba, ko masallaci da ƙyar ya je. Bayan la'asar na ji sallama a matakala. Muryar Yaya ce. Na tsaya da ludayi a hannu. Ya hauro a hankali yana dafa bango, da kwandon kaba a hannunsa, wutsiyar kifi tana leƙowa. Ya miƙo mini ya ce, "Ungo, ki soya. Na safe ne." Ya shige ɗakin da mijina yake kamar jiya ya bar shi.

Na sa mai a wuta, kunnena yana wurinsu. Suka gaisa. Suka yi maganar zafi, da yadda aka cike bakin teku da ƙasa har kifi ya yi nisa. Sannan Yaya ya ce, "Na ga jarida."

Mijina ya ce, "Ni ma na gani."

"A jaridar ka gani?"

"A jaridar."

Yaya ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce, "Marasa kunya." Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa, "Kai dai ka tako har Mahjar da ƙafarka."

Na kai musu kifi da shinkafa a faranti ɗaya, suka ci. Yaya ya ce gishiri ya yi yawa, mijina ya ce daidai ne, suka yi ta musu a kai har aka kira magariba suka sauka tare.

Mijina bai daɗe a zaune ba. Wani ƙaramin kulob a kudancin gari, wanda ko motar ɗaukar 'yan wasa ba shi da ita, ya zo nemansa. Abokansa suka ce zubar da girma ne. Ya karɓa. Cikin 'yan shekaru ya hau da su rukunin manya, har suka taɓa cin tsohon kulob ɗinsa a filinsu mai ciyawa. A nan ya ƙare aikinsa, da kansa ya ce ya gaji, gwiwar ba ta barinsa tsayuwa. Tun farkon zuwansa can ya roƙi Yaya ya zo ya riƙa koya wa gololi. Yaya ya ce a'a, kifi ya fi masa, kuma bai ƙara shiga filin wasa ba har ya bar duniya. Amma ya dawo cin abincin Juma'a a gidanmu, kuma da yamma sukan tafi wurin mai shayi su biyu. Maganar wancan wasan ba ta taɓa tasowa a tsakaninsu ba.

Ni ce na tayar da ita, sau ɗaya, bayan mijina ya bar aiki. Na je Mahjar na tarar da Yaya yana gyaran kifi a tsakar gida. Muna hira na ce, "Yaya, don Allah, yanzu da komai ya wuce, me kake gani game da ranar nan?"

Bai daina kankare ɓawon kifin ba. Ya ce, "Da ya bar ni, da babu abin da zai wuce ni ranar. Ido ɗaya ya ishe ni wasa ɗaya. Na san 'yan gabansu duka, na san ƙafar da kowa ke bugawa da ita."

Na ce, "Har yanzu haka kake gani?"

Ya ce, "Har gobe."

Na yi kwanaki ina shawarar ko in gaya wa mijina. Daga ƙarshe wata safiya muna karyawa na gaya masa, yadda Yaya ya faɗa, ban rage komai ba. Na zaci zai yi dariya, ko ya kawo mini maganar likita. Ya tsoma burodi a cikin wake, ya riƙe bai ci ba.

Ya ce, "Zai yiwu. Ni ma na sha tunanin haka."